Jinyar firgici ta hanyar jiki: ta yaya zan gane ko ta dace da ni?

Maman Nafisa, Bukoki:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kawo wannan al'amari nan ne saboda na san a cikinmu akwai ma'aikatan lafiya, akwai malamai, akwai kuma iyaye da suka ga jiya suka ga yau. Shekara biyu ke nan da motar da ta ɗauko mu daga Tawa ta kife da mu da tsakar dare, tsakanin Ƙonni da Dogon Dutsi. Allah ya tsirar da ni da ɗan rauni a kafaɗa, amma matar da ke zaune kusa da ni, wadda muka ci kilishi tare a tasha, ba ta tashi ba. Raunin kafaɗa ya warke cikin wata guda. Abin da ya ƙi warkewa shi ne, har yau, da zarar na ji ƙarar birki sai gabana ya faɗi, hannuwana su yi sanyi, wuyana ya sandare, numfashi ya tsaya mini a ƙirji kamar an aza mini buhun hatsi. A Harobanda nake koyarwa, kullum sai na haye Gadar Kennedy a taksi sau biyu, kuma nakan isa aji a galabaice kamar wadda ta wuni tana surfe.

Bara na je wurin wani masanin halayyar ɗan Adam, muka zauna sau biyu. Ya ce in ba shi labarin daren daga farko har ƙarshe, na ba shi, na koma gida na yi kwana uku ban runtsa ba, daga nan ban sake komawa ba. Yanzu wata 'yar uwata da ke zaune a Beljiyam ta ba ni labarin wata jinya da ake yi ta hanyar jiki, inda ba a tilasta wa mutum ya maimaita abin da ya same shi, an kuma nuna mini wata mata a nan Yamai da ta ce tana yin irinta, jika goma sha biyar kowane zama. Albashin malama kun san shi. Ta yaya zan gane ko wannan hanya ta dace da ni kafin in zuba kuɗina da fatana a cikinta?

Dakta Sani:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ke kuma ya ba ki lafiya. Kafin a yi maganar kowace jinya, ina so in san ko an taɓa duba jikin naki da kyau tun bayan haɗarin, domin bugun zuciya, sanyin hannu da toshewar numfashi ba firgici kaɗai ke kawo su ba. Ƙarancin jini yana kawo su, kuma ya yi yawa a tsakanin matanmu; hawan jini da asma suna kawo su; tayirod, wato halittar wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, idan ta yi aiki fiye da kima takan sa zuciya gudu da hannu rawa, har mutum ya ɗauka tsoro ne. Shayi mai ƙarfi da kofi ma suna ƙara wa wutar itace. Awon tansiyo, awon jini da awon bugun zuciya ba su kai kuɗin zama biyu na matar nan ba.

Idan an duba ba a sami kome ba, to abin da kika kwatanta sananne ne a likitance. A jikinmu akwai jijiyoyi masu aiki ba da umarninmu ba, reshe ɗaya yana tayar da jiki idan haɗari ya zo, ya sa a saki sinadarin adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, jini ya bar fata ya tafi manyan tsokoki, shi ya sa hannu ke sanyi. Ɗaya reshen kuma shi ke kwantar da jiki idan haɗarin ya wuce. Naki jikin ya haddace cewa ƙarar birki da mutuwa abu ɗaya ne. Roƙona ɗaya: kada ki sayi diyazefam ko makamancinsa a hannun masu tallar magani, domin yana kwantar da mutum na dare guda, ya bar shi da sabo mai wuyar rabuwa.

Hadiza, mai gyaran gaɓɓai a asibiti:
Yaya, sannu da haƙuri. Aikina motsa gaɓɓan waɗanda suka karye ko suka shanye ne, ba jinyar zuciya ba, amma na karanta wannan fanni saboda abin da nake gani a ɗakin aiki: sau da yawa ƙashi ya ɗinke sarai, hoto ya nuna lafiya lau, amma kafaɗar ta ƙi saki, kuma ranar da ta saki sai mai ita ya fashe da kuka ba tare da ya san dalili ba.

Jinya ta hanyar jiki ba hanya ɗaya ba ce, gida ne mai ɗakuna da yawa. Tushenta ya koma ga Wilhelm Reich, almajirin Sigmund Freud, shahararren masanin halayyar ɗan Adam, wanda tun shekarun 1930 ya ce abin da mutum ya danne a zuciya yakan zama sulke a tsokarsa. Wadda ta fi shahara yanzu ita ce ta Peter Levine, Ba'amurke, wanda ya fitar da littafinsa a 1997. Ya lura cewa dabbar daji da ta kuɓuta daga mai farautarta takan yi rawar jiki ta karkaɗe, sannan ta koma kiwonta. Duk wanda ya ga kazar da ta tsira daga shaho tana girgiza gashinta ya ga abin da yake nufi. A ganinsa ɗan Adam yakan danne wannan karkaɗewa, sai ƙarfin da jiki ya tara don gudu ya maƙale.

A zaman irin wannan jinya, galibi kina zaune ne a kujera da tufafinki, mai jinyar ta tambaye ki a ina kike jin nauyi yanzu, zafi ne ko sanyi, yana tsaye ko yana motsi. Sai ta ce ki nemi wani wuri a jikinki da ke cikin kwanciyar hankali, ko da tafin ƙafa ne da ke taɓa ƙasa, ki zauna da shi, ki leƙa nauyin ƙirjin kaɗan, ki dawo. Kaɗan-kaɗan ake shan abin, kamar yadda ake shan kunu mai zafi daga gefen ludayi. Wanda ta fi dacewa da shi, a fahimtata, shi ne mutumin da damuwarsa ke fitowa ta jiki fiye da ta tunani, wanda ya san sarai a hankalinsa cewa haɗari ya wuce amma jikinsa ya ƙi yarda, wanda kuma ba da labari ke rikita shi. Wannan siffa ta yi kama da ke sosai.

Laminu, ɗalibin ilmin halayya, Jami'ar Abdou Moumouni:
Anti Hadiza ta yi bayani mai kyau, amma da izininta zan ja da ita a wuri guda. Daɗin misali daban, hujja daban. Labarin dabbar da ke karkaɗewa yana shiga rai, sai dai tunani ne na mai hanyar, ba abu ne da aka tabbatar cewa haka yake faruwa a jikin mutum ba. Haka ma ra'ayin Stephen Porges na 1994 a kan jijiyar bagus, babbar jijiyar reshen da ke kwantar da jiki, wanda masu wannan jinya ke yawan kafa hujja da shi, masana aikin jiki da dama suna sukar sa.

A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a kan firgicin da ke bin mummunan tashin hankali, kuma jinyoyi biyu da ta fi ƙarfafawa su ne gyaran tunani da ɗabi'a mai fuskantar abin da ya faru, da EMDR, wadda Francine Shapiro ta ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980, inda mutum ke tuna abin a taƙaice yayin da idonsa ke bin yatsan mai jinya hagu da dama. Hanyar Levine kuwa sai a 2017 aka buga gwajin da aka fi ambata a kanta, wanda aka yi a Isra'ila da mutum 63 da zama goma sha biyar. Waɗanda aka yi wa jinyar sun sami sauƙi, amma an gwada su ne da waɗanda ke jiran layi ba a yi musu kome ba, ba da masu karɓar wata jinya ba. Ban ce ba ta aiki ba. Cewa na yi, mai albashi ƙwaya ɗaya ya kamata ta san cewa abin da za ta saya bai kai ɗayan tabbaci ba.

Ɗan Adar:
Ni dai da nake karanta bayanin Hadiza, sai na tuna garinmu. Mace ta yi ta rama, ba ta barci, ba ta magana, a kira masu goge, jikinta ya yi ta rawa har ta faɗi, ta tashi a ce ta sami sauƙi. Malamai suka yi wa'azi shekara da shekaru har aka rage bori, yanzu kuma Turawa sun naɗe rawar jikin a takarda sun dawo mana da ita a kan jika goma sha biyar. Malam Isufu, ina hukuncin wannan?

Malam Isufu:
Ɗan Adar, kamannin abu biyu a ido ba ya sa su zama ɗaya a hukunci. Abin da ya sa malamai suka hana bori shi ne kiran iskoki da yi musu yanka da jingina musu cuta da waraka, ba don jiki ya yi rawa ba. Jinyar da aka kwatanta a nan, matuƙar ba a kira wani abin bauta a cikinta ba, ba a kuma cusa wata aƙida ba, magani ce kamar sauran magunguna, kuma an umarce mu da neman magani.

Kula da jiki domin zuciya ta natsu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda fushi ya kama shi yana tsaye, ya zauna, idan bai gushe ba ya kwanta. A farkon Sahihul Bukhari kuma, lokacin da wahayi ya fara sauka, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya koma wurin Nana Khadija zuciyarsa tana bugawa, yana cewa a lulluɓe shi, aka lulluɓe shi har tsoron ya gushe, sai bayan nan ya ba ta labari. Ba ina kwatanta wannan matsayi da rashin lafiyar kowa ba ne, Allah ya tsare. Hikimar Uwar Muminai nake nunawa, da ta fara da mayafi kafin tambaya.

Iyakokin da zan ja wa 'yar uwarmu biyu ne. Idan akwai taɓa jiki, to mace ta yi wa mace, kuma kada a kaɗaita da namijin da ba muharrami ba a bayan rufaffiyar ƙofa. Na biyu, kada wani ya ce mata faɗuwar gaban nan raunin imani ce. Mun sha ganin mahaddata masu tsayuwar dare da ƙarar taya ke razana su bayan haɗari. Ta riƙe addu'a da zikiri, ta kuma je wurin masu sani.

Hadiza:
Na gode, Malam. A kan taɓawa, yawancin zaman ana yin sa ba tare da hannu ya kai ga jiki ba, kuma duk mai jinyar da ta san aikinta sai ta nemi izini kowane lokaci, ta kuma karɓi "a'a" ba tare da ɓata fuska ba. Laminu kuma, na karɓi gyara a kan ƙarancin hujja. Amma jinyar da ta fi kowace tabbaci ba ta amfanar wadda ta gudu daga gare ta bayan zama biyu.

Abdu mai shago, Katako:
Ina so in ba da shaida ta ɗaya ɓangaren. Bayan ambaliyar 2020 da ta rushe mana gida a Kirkisoye, na yi watanni in hadari ya taso sai cikina ya murɗa. Na sami wani bidiyo a YouTube da ke koyar da numfashi mai zurfi da sauri, wai yana fitar da abin da ya maƙale. Na yi shi ni kaɗai bayan sallar isha, cikin 'yan mintoci yatsuna suka ƙage, leɓuna suka mutu, kaina ya juya, na tabbata ajali ne ya zo. Tun daga ranar, duk lokacin da aka ce in saurari numfashina sai tsoron ya ninka. Abin da ya taimake ni daga baya shi ne tafiya a ƙasa da asuba tare da wani abokina, da aikin sake gina ɗakin da hannuna. Don haka a sani, akwai wanda duban cikin jikinsa ke ƙara masa ciwo.

Dakta Sani:
Abdu, abin da ya same ka yana da bayani: numfashi da sauri yana rage iskar kabon a jini, shi ke ƙage yatsu ya juya kai. Mai ciki, mai ciwon zuciya da mai farfaɗiya su nisanci irin wannan. Wanda ke kwantar da jiki akasinsa ne, a shaƙa a hankali, a fitar a hankali fiye da yadda aka shaƙa, domin zuciya takan ɗan rage gudu yayin fitar da numfashi. Akwai kuma waɗanda bai kamata su fara da jinyar jiki ba sam: wanda ke jin muryoyi ko ganin abin da babu, wanda ke tunanin kashe kansa, wanda ya kamu da taramol, da wanda yakan ɓace wa kansa har ya rasa inda yake. Waɗannan likitan ƙwaƙwalwa za su fara gani, kuma akwai sashen a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, wanda mutane suka sani da Pavillon E. Sunan yana tsorata jama'a, amma ba sai wanda ya fita hayyacinsa ke zuwa can ba. Matar da ake duka a gida ma, ba natsuwar numfashi take bukata da farko ba, tsira take bukata.

Inna Ramatu, Wadata:
Ɗiyata, jikata ce ke rubuta mini wannan. Lokacin da na shiga takabar maigidana, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ba ta taɓa ce mini in faɗi abin da ke raina ba. Kowace yamma takan zo da man shanu, ta tausa mini ƙafafu da baya, tana 'yan hirarrakinta na kasuwa. Sai a mako na uku na buɗe baki da kaina, na faɗa mata abin da ban faɗa wa ko uwata ba. Ban san sunan wannan a boko ba. Abin da na sani shi ne hannun wadda kika yarda da ita daban yake da hannun wadda kika biya, sai fa in Allah ya haɗa miki su a mutum ɗaya. Ki je ki ga matar da idonki kafin ki ba ta sisi.

Maman Nafisa:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Inna Allah ya ƙara girma. Dakta, gaskiya tun bayan hoton kafaɗa ba a sake duba ni ba, kuma shayi nakan sha har kofi uku kafin azahar don in iya tsayuwa a gaban allo. Ba na jin muryoyi, ban kuma taɓa tunanin cutar da kaina ba, alhamdu lillahi. Laminu, maganarka ta tsaya mini a rai, sai dai in na tuna kwana ukun nan da na yi ido biyu, ƙafata ba ta ɗaukata zuwa wurin mai cewa in maimaita labari.

Laminu:
Anti, a nan ina ganin ba hanyar ce ta gaza ba, gaggawa aka yi. Yadda ake koya mana, ba a buɗe labarin a zaman farko. Sai an bayyana wa mutum abin da ke faruwa da shi, an koya masa yadda zai kwantar da jikinsa, an kuma gargaɗe shi cewa abin zai iya ɗan tsananta kafin ya lafa. Ke ba a yi miki ko ɗaya ba. Kuma ba dole ba ne a zaɓi ɗaya a jefar da ɗaya, domin ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, a ɗan littafin zane da ta fitar a 2020 a kan rayuwa cikin damuwa, wanda ake samu kyauta da Faransanci, da jiki ta fara: taka ƙasa da ƙafa, sassauta numfashi, lura da abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce miki za ki warke sarai ba tare da kin taɓa fuskantar daren nan ba. Matar da kuka ci kilishi tare ba a tsokar wuyanki kaɗai take ba.

Hadiza:
Wannan jumla ta ƙarshe ta Laminu ba ni da abin cewa a kanta. Yaya, idan kin je ganin matar, ki tambaye ta a ina ta yi karatu da tsawon lokacin da ta ɗauka, domin horon hanyar Levine na gaske yakan ɗauki kusan shekara uku, kuma ya fi kyau a ce tana da tushe a aikin lafiya ko ilmin halayya kafin shi. Ki tambaye ta me za ta yi idan kika rikice a tsakiyar zama, da wurin wa take tura wanda ya fi ƙarfinta. Wadda ta ce ba ta taɓa tura kowa ba, ko ta yi miki alkawarin waraka a zama uku, ko ta ce ki bar maganin likita, ko ta nemi kuɗin zama goma a dunƙule, ki yi mata sallama. Sannan ki lura da jikinki a gabanta, ko kafaɗunki sun sauka ko sun ƙara hawa. Mun saba faɗin "jiki magayi" don tsorata yaro mai ƙin ji, amma a nan ma'anarsa ta zahiri nake nufi.

Dakta Sani:
Ki kuma sa wa abin ma'auni tun kafin ki fara, don kada ki wayi gari kin shekara kina biya saboda zaman yana da daɗi kawai. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta awa nawa kika yi barci, sau nawa gabanki ya faɗi a rana, da ko kin iya haye gada ba tare da kin rufe ido ba. Bayan zama biyar ko shida ki duba. Idan lambobin suna nan inda suke, ko kina fita daga zaman kina kwana biyu a rikice, ki canza hanya ba tare da jin kin gaza ba.

Ɗan Adar:
Malam, na ji bambancin kuma na karɓa. Jika goma sha biyar ɗin ce dai har yanzu ba ta kwanta mini ba.

Maman Nafisa:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana tara. An auna ni, tansiyona daidai yake, amma jinina ya yi ƙasa, an rubuta mini maganin ƙarin jini, sakamakon tayirod kuma sai ranar Alhamis. Shayi na mai da shi kofi ɗaya. Na je na ga matar. Tana da fara'a, ba ta taɓa ni ba, ta kuma faɗa mini gaskiya cewa horonta na wata uku ne ta intanet, ba ta gama ba, kuma ba ta taɓa yin aiki da wanda ya yi haɗarin mota ba. Na ji daɗin gaskiyarta, amma ban biya ba tukuna. Laminu, don Allah ka bincika mini a wurin malamanku ko akwai mace a Yamai da ta san jinyar firgici, wadda za ta yarda mu fara da jiki mu jinkirta labari har in shirya.

Yau da safe a kan gada na danna tafin ƙafata a ƙasan taksi kamar yadda aka kwatanta, na riƙa fitar da numfashi a hankali, na ƙirga kwale-kwale huɗu a kogi. Direba ya taka birki kusa da ƙarshen gadar, gabana ya faɗi kamar kullum, wuyana ma ya sandare, sai dai kafin in isa ƙofar makaranta hannuwana sun yi ɗumi. Na rubuta shi a littafin, Dakta. Barcin jiya awa huɗu ne.